Yadda ake ganowa da gyara matsalar waya a injin zuƙe ƙura na tsaye

Injin zuƙe ƙura na tsaye shi ne wanda ake turawa a gaba a kan kafet, mai doguwar mariƙa a sama da buroshi mai juyawa a ƙasa. Asalinsa daga Amurka ne, inda wani mai shara a garin Kanton na Jihar Ohayo, James Murray Spangler, ya ƙera shi a shekarar 1907, daga baya William Hoover ya sayi haƙƙin ƙirar, ya fara sayar da shi a 1908.

A yau ana samun sa a gidaje da otal-otal da masallatai masu shimfiɗar kafet. Sau da yawa idan ya daina aiki akan ɗauka injin ne ya ƙone, a jingine shi, alhali wata 'yar waya ce ta tsinke. Sai dai wayar da ta lalace na iya jawo gobara ko ta sa wuta ta ja mutum, don haka gyaranta na buƙatar natsuwa.

Alamomin da ke nuna laifin waya

Idan injin yana tashi yana mutuwa duk lokacin da aka motsa igiyarsa, ko aka kwantar da mariƙarsa baya, to akwai wayar da ta karye a ciki. Haka nan idan filogi ya yi zafi, ko aka ji ƙaurin roba, ko aka ga tartsatsi.

Amma idan ya yi aiki na ɗan lokaci ya mutu, sannan ya sake tashi bayan ya huce, galibi wayar lafiyarta ƙalau. Akwai wani ɗan makunni a jikin injin da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, abin da ke faruwa idan jakar ƙura ta cika, ko matata ta toshe, musamman a lokacin hunturu. Maganin wannan shi ne tsaftacewa.

Wuraren da waya ta fi lalacewa

Na farko shi ne gindin filogi, saboda al'adar fizgo igiya daga soket. Na biyu shi ne inda igiyar ta shiga jikin injin, domin a nan take yawan lanƙwasa har siraran wayoyin tagulla su karye, roba kuwa tana nan kamar ba abin da ya same ta. Na uku shi ne tsakiyar igiya, inda buroshi kan hau ta ya goge robarta. Na huɗu, wanda ya keɓanta da injin tsaye, shi ne gaɓar da ta haɗa gangar jiki da kan da ke ƙasa. A wasu samfura wayoyi na ratsa wannan gaɓa, kuma duk kwantarwa da miƙarwa na gajiyar da su.

Matakan bincike

Kafin komai a zare filogi daga soket, kashe makunni kaɗai bai wadatar ba. Kayan aikin su ne sukudireba da filaya da mitar gwaji, wadda ke yin ƙara idan wuta na iya ratsa waya.

A fara da fiyus ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku. Idan ya ƙone a sauya shi da mai lamba iri ɗaya, mafi yawa amfiya 13. Kada a naɗa masa waya ko takardar gwangwani, domin shi ne ke hana igiya kamawa da wuta. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, to wayoyi biyu na haɗuwa a wani wuri.

Daga nan a kwance murfin da igiyar ta shiga, a ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayar salula kafin a taɓa su. A ɗora tsinken mita ɗaya a ƙafar filogi, ɗayan a ƙarshen wayar da ke ciki, sannan a riƙa lanƙwasa igiyar sannu a hankali. Inda ƙarar ta yanke, nan matsalar take. Haka za a gwada makunni: ya yi ƙara a kunne, ya yi shiru a kashe.

Yadda ake gyarawa

Idan karayar na kusa da filogi ko bakin injin, sai a yanke wurin da ya lalace, a fere robar, a sake ɗaurawa. Idan a tsakiya take, a sauya igiyar baki ɗaya da mai kauri irin nata. Ƙulla waya a naɗe ta da salatif ba gyara ba ne, domin igiyar da ake ja a ƙasa kullum ba za ta riƙe ƙulli ba, kuma wurin zai riƙa zafi.

A kula da launi. A tsarin Birtaniya da Turai, waya mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, tana zuwa ƙafar da fiyus yake. Shuɗiya ita ce ta dawowa, mai kore da rawaya kuma ta ƙasa ce. A tsarin Amurka baƙa ce mai wuta, fara ta dawowa. Yawancin injinan masu jikin roba waya biyu kawai gare su, kuma ana gane su da alamar ƙaramin murabba'i a cikin babba.

A ƙarshe a tabbatar an mayar da maƙalin da ke danne igiya, a kuma duba kada sukuru ya huda waya wajen rufe murfi.

Hattara da injin gwanjo

Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Injin da aka kawo daga can zai ƙone idan aka jona shi kai-tsaye, ko da an sauya masa filogi. A karanta takardar da ke manne a jikinsa, idan 120 aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce na injin.

Idan kuwa igiya da fiyus da makunni duk sun ci gwaji amma injin bai tashi ba, ko yana ƙauri daga ciki, matsalar ta koma ga koyil ko gawayin injin, sai a kai wa ƙwararren mai gyara. Haka ma injin da wa'adin garantinsa bai ƙare ba, domin buɗe shi na iya soke garantin.