Asalin Shan Shokola a Daular Aztek: Gado, Haraji da Sarauta

Marubuta da dama suna danganta ƙirƙiro shokola ga Aztekawa. Wannan maƙala tana son nuna cewa gadon abin suka yi, kuma wuyar samunsa ce ta ba shi daraja a wurinsu.

Itacen kakawo ɗan kurmi ne, mai son zafi da laima. Binciken da aka buga a 2018 ya gano alamunsa a tukwanen Santa Ana-La Florida, a ƙasar Ekwado, masu shekaru kimanin 5,300. A Rio Azul kuwa, a Gwatemala, an tono wani kasko na Mayawa na ƙarni na 5 mai ɗauke da kalmar "kakaw". Birnin Aztekawa, Tenochtitlan, sai a 1325 aka kafa shi.

Wannan birni yana kan tudu mai tsawon sama da mita 2,200, inda sanyi ba ya barin kakawo ya yi. Saboda haka ta hanya biyu yake isowa: fatauci da haraji. Fataken da ake kira pochteca suna ɗauko shi daga kudu. Sarki Ahuitzotl (1486-1502) kuma ya ci ƙasar Sokonusko da yaƙi, ya ɗora mata harajin kakawo. Kowane kaya ƙwaya 24,000 ne. Ƙwayar ita ce kuɗin kasuwa, kamar wuri a kasuwanninmu na da: wata takarda ta Tlaxcala ta 1545 ta nuna macen talo-talo ƙwaya 100 ce, tumatir babba ƙwaya 1. Ke nan mai shan kakawo kuɗi yake sha.

Shi ya sa ya zama abin shan sarakuna, mayaƙa da manyan fatake. Mata suna soya ƙwayar, su niƙa a dutse, su dama da ruwa, su sa barkono, banila ko zuma, sannan su riƙa kwararo shi daga wannan ƙoƙo zuwa wancan har ya yi kumfa, wadda ita ce abin so. Bernal Diaz, sojan Kortes, ya ce ya ga an kawo tuluna fiye da 50 a wajen cin abincin Moktezuma.

A ƙarshe, sunan ma abin lura ne. Aztekawa "cacahuatl" suke cewa, wato ruwan kakawo. Kalmar "chocolatl" ba ta cikin ƙamus ɗin Molina na 1571. Shokola mai zafi da sukari ta zamanin mulkin Ispaniya ce.