Yadda ake cire manhajar riga-kafi daga kwamfuta ba tare da barin ɓurɓushi ba

A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin daƙile 'yan bindiga. Tsawon watannin da katsewar ta ɗauka, kwamfutocin makarantu da na shagunan buga takardu ba su da hanyar sabunta manhajojin riga-kafinsu, alhali filas na ta yawo daga hannu zuwa hannu. Riga-kafin da ba ya samun sabuntawa, ko wanda wa'adinsa ya ƙare, ba ya gane sababbin ƙwayoyin cuta. Cire shi kuwa sai da lura, domin ragowarsa na iya barin kwamfuta ba mai gadi.

Me ya sa goge shi kawai bai isa ba?

Manhajar riga-kafi takan kafa saiwa a cikin Windows, ta tashi tun kafin sauran manhajoji, ta kuma kare kanta daga gogewa don kada ƙwayar cuta ta kashe ta. Wanda ya jefa alamarta ko jakarta a kwandon shara ya sare reshe ne ya bar kututture.

Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, kowace kwamfuta na zuwa da riga-kafin kamfanin Microsoft na kyauta, wato Defender. Yakan ja gefe da zarar an ɗora wani. Idan aka cire wancan rabi da rabi, Windows na iya ɗauka yana nan, sai Defender ya ci gaba da barci. Haka nan ɗora sabo a kan ragowar tsoho yakan jawo nauyi da daskarewa, domin sarki biyu ba sa zama gari ɗaya.

Kafin a fara

A kwafe muhimman takardu, kamar sakamakon ɗalibai da lissafin ciniki, zuwa wani ma'aji. A leƙa sashen killacewa na manhajar, inda take tsare fayilolin da take zargi, a fito da wanda aka tabbatar lafiyarsa ƙalau, don yana iya tafiya tare da ita. Wanda ya saye ta da katin banki ya sani cewa cirewa ba ta dakatar da cirar kuɗi duk shekara. Sai ya shiga asusunsa na kamfanin ya soke. A kuma tabbatar batiri a cike yake, kada ɗaukewar wuta ta yanke aikin a tsakiya.

Matakan cirewa

Na farko, a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta appwiz.cpl, a zaɓi manhajar, a latsa Uninstall, sannan a kashe kwamfutar a sake kunnawa.

Na biyu, a bi da tsintsiyar da kamfanin ya tanada don share ragowa. McAfee na da MCPR, Avast na da Avast Clear, AVG na da AVG Clear, Kaspersky na da kavremover, Norton kuma na da Norton Remove and Reinstall. Daga shafin kamfanin kaɗai ake sauke su, domin 'yan damfara kan yi na jabu.

Na uku, idan ta turje, a riƙe Shift a latsa Restart, a bi zaɓin Troubleshoot har a shiga Safe Mode. A can Windows na tashi da abubuwa kaɗan, manhajar ba ta samun damar kare kanta.

Na huɗu, a cire 'yan rakiyar da takan manna wa Chrome ko Edge. Rumbun saitin da ake kira Registry kuwa, wanda bai ƙware ba ya bar shi, kuskure ɗaya kan hana kwamfuta tashi.

Yadda za a tabbatar

A buɗe Windows Security, a shiga Virus & threat protection. Idan Defender ne ke aiki, kuma sunan tsohuwar manhajar ya ɓace, aiki ya kammala.

Ga inda sabis ke wahala, Microsoft na ajiye sabuntawar Defender a fayil guda mai suna mpam-fe.exe. Mai zuwa Funtuwa ko Katsina zai iya sauke shi a filas, a buɗe shi a kowace kwamfuta ba tare da intanet ba, matuƙar an dace da nau'inta, 32 ko 64. Yana tsufa da wuri, don haka a riƙa ɗauko sabo duk lokacin da hanya ta samu, kuma kada a soka filas ɗin kowa kafin a ga Defender ya farka.