Ragar da ta raba gardamar tsakiyar teku

A shekarar 1843, masanin Birtaniya Edward Forbes ya yanke cewa babu mai rai da ke zaune a teku ƙasa da zurfin gaba 300, wato kusan mita 550. Jirgin Challenger, wanda ya bar Ingila a Disamba 1872 ya dawo a 1876, shi ya ƙarasa rusa wannan magana, domin ya kwaso halittu birjik daga gindin teku. George Brady ya rubuta rahoton wasu ƙananan halittu daga cikinsu da ake kira kofefod a 1883. Yawancinsu ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba, dangi ne na ƙaguwa, kuma 'yan'uwansu na tafki su ne ke ɗauke da tsutsar kurkunu.

Sai dai gardama ba ta ƙare ba. An yarda akwai rai a sama da gindi, to tsakiya fa? Alexander Agassiz na Amurka ya dage cewa wannan ruwa mai duhu fayau yake. Hujjarsa ba ta banza ba ce: ragar da ake zurawa a buɗe take hawowa, wa zai rantse cewa abin da ke cikinta ba daga sama ta tsinto shi ba? Carl Chun na Jamus ya amsa da raga mai rufe bakinta a zurfin da aka nufa kafin a jawo ta. Da ita jirgin Valdivia ya yi aiki a 1898 zuwa 1899, aka ga kofefod a ruwan da aka ce babu kowa, wasu jajaye, wasu masu fitar da haske.

A ganina waɗanda suka fi cancantar yabo su ne masu zaman haƙuri a kan madubin ƙara girma. Wilhelm Giesbrecht, a cibiyar binciken teku ta Naples da ke Italiya, ya shafe shekaru yana ƙirga gaɓoɓi da gashin ƙafafun waɗannan halittu, yana zana su ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa ƙafa ta biyar ce kaɗai ke raba wani jinsi da wani. Georg Sars na Norway ya yi irin wannan aiki a kan samfuran da jiragen Yarima Albert na Monaco suka tara. Da ba don su ba, ba wanda zai iya cewa wane iri ne ke zaune a wane zurfi. Rabe-raben da Giesbrecht ya tsara, har yau masana suna aiki da su.