Ƙarin Kitsen da Ya Daɗe Yana Fakewa Bayan Gwaiwa

'Yan uwa marubuta, a bakinmu kusan duk kumburin maraina gwaiwa ne, kuma a labaranmu mai gwaiwa abin ba'a ne. Likitocin da ma sun daɗe suna wannan kuɗin goro, domin hannu da ido kawai suke da su. Alhali wani kumburin ruwa ne ya taru, wani hanji ne ya zazzago, wani kuwa ƙari ne na kitse da ya tsiro jikin igiyar da maraina ke rataye da ita.

Galibin irin wannan ƙari ba shi da illa, sau da yawa ma sai an zo aikin ƙaba ake cin karo da shi. Amma akwai nau'in da yake ciwon daji ne, wanda ba a cika gani ba, kuma ya fi kama dattawa. A 1857 Bajamushe Rudolf Virchow ya bayyana cewa kitse ma yana zama sankara. Matsalar ita ce yana da laushi, ba ya zafi, girmansa a hankali, har a madubin likita yakan yi kama da lafiyayyen kitse. Sai a fafe shi kamar ƙari mara illa, bayan shekaru ya dawo a gurbinsa.

Wurin yanka shi ne babban darasin. A 1906 likitan Faransa Maurice Chevassu ya wallafa bincikensa kan ƙarin maraina, kuma har yau da sunansa ake kiran dabarar shiga ta ƙasan mara a danne igiyar tukuna, kafin a taɓa ƙarin. Tsaga jakar kai tsaye ya fi sauƙi, sai dai yana iya shuka cutar a naman da ba ta kai ba. Shi ya sa idan sankara ce, ake cire ƙarin da igiyar da maraina na wannan gefen gaba ɗaya. Hukunci ne mai nauyi ga namiji, ko da yake na ɗaya gefen yakan wadatar wajen haihuwa.

Na'urori daga baya suka zo. Ian Donald na Gilasgo ya nuna amfanin hoton sauti a 1958, hoton CT ya fara aiki kan majiyyaci a Landan a 1971. Yanzu idan kitsen ya rikita masu bincike, sukan duba ƙwayar halittar MDM2, wadda ke ninkuwa a mugun nau'in.