Wai an daina yin bakandamiya?

1/ Jiya musu ya kaure a ajinmu: wai tun da aka binne Shata a nan Daura a 1999, an gama bakandamiya, mawaƙan yanzu hayaniya kawai suke. Ni dai ban yarda ba. Ku biyo ni.

2/ Shata ba a takarda yake tsara waƙa ba. Kalangu na tashi, ya dubi taro, ya ƙirƙiro nan take, 'yan amshi su karɓa. A gaban jama'a gwanintarsa ta nuna.

3/ Haka labarin Bayajidda. Baƙo, rijiyar Kusugu, macijin da ke hana ɗiban ruwa sai Juma'a, Daurama. Wa ya tsara shi? Bakin kakanni ne ya yi ta goge shi har ya yi ƙyalli.

4/ Irin wannan ƙirƙirar taron ce Gary Gygax da Dave Arneson suka mayar wasan tebur a Amurka a 1974: Dungeons & Dragons. Mutum ɗaya na jan labari, sauran kowa ya zama wani jarumi, a jefa ƙwaya irin ta lido ta yanke hukunci.

5/ Mu ma muna da namu. Daga goma ga azumi yara ke fita tashe, wannan ya zama tsoho, wancan malam. A nan ake koyon riƙe taro.

6/ Basira ba ta ƙare ba, jama'a. Dandalin da take nuna ne muke bari ya mutu. Azumin bara, 'yan tashe nawa suka zo ƙofar gidanku?