Makarantar Zaure da Karatun da Ba a Saukewa

Tun kafin zuwan digirin jami'a, malaman ƙasar Hausa sun ɗauki saukar Alƙur'ani a matsayin ƙofar shiga makarantar ilimi, wadda ake kira makarantar zaure saboda a zauren gidan malami ake zamanta. A nan ɗalibi, ko da ya yi furfura, yakan gurfana kan tabarma da littafinsa, ya karanta nassin Larabci malami yana fassarawa, daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Risala da Muhtasar, wanda unguwar Madabo a Kano ta shahara da koyar da shi.

Wanda ya ƙware yakan karɓi ijaza, wato izinin karantar da littafi tare da jerin malaman da aka karɓo shi daga gare su, sannan ya nufi wani garin neman wani fannin, kamar yadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya je Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ko bayan kafa Makarantar Shari'a ta Kano a 1934 da buɗe jami'o'i, alƙalai da masu manyan digirori ba su daina komawa zaure bayan Asuba ko Magariba ba.