Sammakon Zaɓe da Muryar Bakin Iyaka: Darasi daga Malanville

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda matso da ranar tsayar da 'yan takarar shugaban ƙasa ke sauya salon yaƙin neman zaɓe. Ta ɗauki Malanville, garin iyakar Benin da Nijar, a matsayin madubi, tare da waiwayar Amurka da Nijeriya. Hujjarta ita ce, duk lokacin da aka yi sammakon rufe ƙofar takara, mutumin da ɗan takara ke lallashi yakan sauya, daga mai ƙuri'a zuwa mai riƙe da makulli.

Gabatarwa

Wanda ya tsaya a bakin Kogin Kwara a Malanville cikin watan Oktoban 2025 ya ga abin mamaki. Ga gada tsaye ƙyam tsakaninsa da Gaya, amma babu tirelar da ke hawa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka rufe ta. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, bayan ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ɗage takunkumi, Nijar kuwa ta bar nata a toshe. Hada-hadar sai ta koma gaɓar ruwa: 'yan dako na sauke buhu daga mota, su tsunduma har gwiwa su jera shi cikin kwale-kwale, a wancan ƙetaren kuma wasu su sake ɗorawa. Kayan da a da ake biya musu kuɗin mota sau ɗaya, a lokacin sai an biya dako, an biya fito, an sake biyan dako.

A daidai waɗannan ranaku, fiye da kilomita 700 a kudu, hukumar zaɓe ta CENA na karɓar takardun masu neman shugabancin ƙasa a Kwatano. Ranar 14 ga Oktoba ta rufe ƙofa, alhali zaɓen sai 12 ga Afrilun 2026. Tambayar maƙalar ke nan: a waɗannan watanni shida, wa ɗan takara ke bukata, kuma ina matsayin mai fito da ɗan dakon Malanville a lissafinsa?

Tushen Muhawarar

A Amurka aka fi nazarin wannan al'amari. Can kowace jiha ke tsayar da ranar zaɓenta na fidda gwani, jihohin da suka fara kuma su ke kwashe hankalin 'yan jarida da kuɗin 'yan takara. Saboda haka kowa ke son ya riga ɗan'uwansa. Hausawa na cewa in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. A 2008 Iowa ta yi nata ranar 3 ga Janairu, New Hampshire ranar 8, sannan jihohi fiye da 20 suka taru a rana ɗaya, 5 ga Fabrairu. Florida da Michigan da suka tsallake layi sai da jam'iyyu suka hukunta su.

William Mayer da Andrew Busch, waɗanda suka yi littafi sukutum a kan batun a 2004, sun nuna cewa cunkoson ranaku a farkon shekara yana fifita mai kuɗi da wanda ya riga ya yi suna. A 1976 Jimmy Carter, tsohon gwamnan Georgia da ba a san shi sosai ba, ya bi jihohi ɗaya bayan ɗaya, nasarar yau tana jawo masa gudummawar gobe. Idan aka tara jihohi ashirin a rana guda, wannan tsani ya karye. Gasar gaskiya sai ta koma shekarar da ta gabata, a falon attajirai da jigogin jam'iyya, inda talaka ba shi da kujera.

Yadda Kalandar Benin ta Matso

Benin ba ta da zaɓen fidda gwani na jiha-jiha, amma tana da ƙofar da ke aikinsa. Gyaran tsarin mulki na Nuwamban 2019 ya kawo abin da ake kira parrainage da Faransanci, wato takardar lamuni: ba mai tsayawa takara sai wani adadi na 'yan majalisar dokoki da magadan gari sun tsaya masa. Gyaran ya kuma haɗa zaɓuka a shekara ɗaya, na majalisa da na ƙananan hukumomi a Janairun 2026, na shugaban ƙasa a Afrilu.

A nan aka samu sarƙaƙiya. Bisa tsohon lissafi, ranar miƙa takardu za ta faɗo farkon Fabrairu, lokacin da wasu sababbin zaɓaɓɓu sun kama aiki wasu ba su kama ba. A Janairun 2024 Kotun Tsarin Mulki ta umarci majalisa ta warware matsalar. Dokar da aka zartar a Maris ɗin shekarar ta matso da ranar zuwa kwana 180 kafin zaɓe. Ba ta tsaya nan ba, ta ɗaga adadin masu lamuni daga kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, wato mutum 28 daga cikin 186: 'yan majalisa 109 da magadan gari 77. Ta kuma hana zaɓaɓɓe ya lamunci wanda ba na jam'iyyarsa ba, sai in akwai yarjejeniya tsakanin jam'iyyun.

Jam'iyyar adawa ta Les Démocrates, wadda tsohon shugaba Boni Yayi ya jagoranta, a lokacin tana da 'yan majalisa 28 cif-cif, ba ragi ba ƙari. Da ɗaya daga cikinsu, Michel Sodjinou, ya janye takardarsa, sai ɗan takararta Renaud Agbodjo ya tashi da 27. CENA ta ƙi karɓarsa, kotu ta tabbatar kafin ƙarshen Oktoba. Suka rage biyu: ministan kuɗi na lokacin Romuald Wadagni, wanda jam'iyyun gwamnati suka tsayar tun ƙarshen Agusta, da Paul Hounkpè na jam'iyyar FCBE. A 2016 mutum 33 suka tsaya, a 2021 uku, a 2026 biyu.

Abin da Malanville ta Rasa

Ƙuri'a haja ce, kuma duk ɗan kasuwar Malanville ya san haja ba ta daraja sai masu taya sun yi yawa. Mai albasa da dillali ɗaya ya zo masa, abin da aka yanka shi zai karɓa, don albasa ba ta jira. Lokacin da 'yan takara ke da yawa kuma ba a san maci tuwo ba, dole kowannensu ya hau doguwar hanyar Parakou da Kandi, ya gaida sarakuna da limamai, ya zauna da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, a faɗa masa magana da Dendi da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, shi kuma ya ɗau alkawari. A irin wannan zama ne ake tilasta wa mai neman mulki ya faɗi yadda zai sasanta da Yamai, da abin da zai yi kan hare-haren da ke addabar yankin Alibori da Malanville ke ciki, inda aka kashe sojoji 54 a dajin W a Afrilun 2025.

A ƙarƙashin sabuwar kalanda, watannin da suka fi muhimmanci su ne Agusta zuwa Oktoba, masu zaɓen wannan lokaci kuma 186 ne kacal. Garin da kasuwarsa ke cikin mafi girma a ƙasar, takarda ɗaya ke hannun magajinsa, sai na 'yan majalisar mazaɓar da yake rabawa da Kandi da Karimama. Waɗannan ma ba sababbin zaɓaɓɓu ba ne. Magadan gari daga zaɓen 2020 suka fito, 'yan majalisa daga na Janairun 2023, duka kafin a rufe gada. Ke nan babbar masifar da ta sami garin ba ta shiga akwatin da ya samar da masu riƙe da makullin ba. Kamfe na hukuma, mai kwana 15, yana zuwa ne bayan an gama rabon.

Hujjar Ɗaya Ɓangaren

Adalci ya sa a faɗi cewa masu goyon bayan sammako suna da madafa. Ba a fafe gora ranar tafiya: hukumar zaɓe na bukatar lokacin tantancewa, kotu na bukatar lokacin shari'a. Takardar ƙuri'a mai ɗauke da fuska 33 kuma ba ta sauƙaƙa wa mai zaɓe ba. Akwai ma hujjar da ta fi wannan ƙarfi. A zaɓen majalisa na 11 ga Janairun 2026 Les Démocrates ba ta samu kujera ko ɗaya ba, don doka ta nemi kashi 20 a kowace mazaɓa daga cikin 24. Da an jinkirta ranar har sai sababbin 'yan majalisa sun kama aiki, da jam'iyyar ba ta da ɗan majalisar da zai lamunce ta. Sai dai ana iya juya maganar: jam'iyyar da ta shiga Janairu ba ta da ɗan takarar shugaban ƙasa, da wace fuska za ta tara jama'a?

Nijeriya ta nuna cewa laifin ba na kwanan wata kaɗai ba ne. Dokar zaɓenta ta 2022 ita ma kwana 180 ta yanka. PDP ta fidda Atiku Abubakar a ƙarshen Mayun 2022, APC ta fidda Bola Tinubu a farkon Yuni, zaɓe kuma sai 25 ga Fabrairun 2023. Nan ma daliget suka zama sarakuna. Amma da yake ƙofofin jam'iyyu na da yawa, Peter Obi ya bar PDP ya koma Labour, Rabi'u Kwankwaso ya tsaya a NNPP, dogon lokacin kuma ya ba su damar gina tafiya, har Obi ya ci Legas, Kwankwaso ya ci Kano. Kwana 180 ɗin da suka zama fili a Nijeriya, su suka zama katanga a Benin.

Kammalawa

Abin dubawa a kowace kalandar zaɓe abu biyu ne: yaushe ake rufe ƙofa, kuma makullin na hannun mutum nawa. Sammako da ƙofa mai faɗi yana tsawaita muhawara, sammako da ƙunƙuntar ƙofa yana gama ta tun ba a fara ba. Idan Benin na son riƙe wa'adinta, to ta faɗaɗa masu lamuni, ta buɗe hanyar sa hannun talakawa kamar yadda Senegal ta tanada, da sharaɗin a tattaro su daga sassan ƙasa daban-daban. Ranar da ɗan takara zai bukaci sa hannun Alibori kafin sunansa ya hau takarda, ranar ce zai sauko gaɓar Kwara da ƙafarsa, ya tambayi mai fito nawa ake ƙetarar da buhu.